Minti 15 a Ƙarƙashin Dusar Ƙanƙara: Abin da Ake Koya wa Jagororin Hawan Tsauni

'Yan uwa ɗalibai, na san za ku ce ina ruwanmu da dusar ƙanƙara, mu da hunturu kaɗai ke sa mu fashin lacca? To ku ɗan saurara. A tsaunukan Turai da Amurka akwai masu sana'ar jagorantar baƙi zuwa hawan dutse da wasan zamiya, kuma ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke kashe su shi ne zaftarewar dusar ƙanƙara. Shi ya sa ake ba su horo na musamman, kuma yadda aka tsara horon ne ya ja hankalina.

Ita dusar ba lokaci guda take taruwa ba, hawa-hawa take kwanciya. Idan wani hawa mai rauni ya kwanta a ƙasa, mai tauri ya danne shi, nauyin mutum ɗaya ya isa ya fasa na ƙasan, sai na saman ya tsage ya gangaro gaba ɗaya. An fi samun haka a gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45. Kuma a mafi yawan haɗurran da aka yi asarar rai, wanda abin ya rutsa da shi ko abokin tafiyarsa ne ya tayar da zaftarewar.

Don haka ake koya wa jagora haƙa rami ya karanta waɗannan hawa-hawan. Zai yanko ginshiƙin dusa, ya ɗora shebur a kai, ya buga har sau 30: goma da wuyan hannu, goma daga gwiwar hannu, goma daga kafaɗa. In ya tsage tun a bugun farko-farko, wurin ba na takawa ba ne. Haka kuma zai bi hasashen hukuma. A Suwizalan, cibiyar SLF da ke Davos na fitar da shi sau biyu a rana a lokacin sanyi, bisa ma'auni mai mataki 5 da Turai ta amince da shi a 1993. Abin mamaki, a mataki na 3 aka fi mutuwa, domin a na 5 kowa na gida.

Sai batun ceto. Kowa na ɗauke da shebur, da doguwar sanda mai naɗewa ta laluben wanda aka binne, da na'urar aika sigina mai aiki a kan kilohaz 457. Alƙaluman Suwizalan sun nuna cewa wanda aka tono cikin minti 15, kusan 9 cikin 10 na rayuwa. In an kai minti 35, kusan 3 ne kawai, saboda numfashi ya ƙare. Kun ga babu zancen jiran jirgin ceto, abokan tafiya ne za su tono shi.

Amma fa sashen da ya fi wuya shi ne na yanke shawara. Ranar 19 ga Fabrairun 2012, mutum 16 suka gangara Tunnel Creek a jihar Washinton ta Amurka. Da yawansu ƙwararru ne, hasashen ranar ma ya yi gargaɗi, amma uku suka rasu. Daga baya wasunsu suka ce hankalinsu bai kwanta ba, sai dai kowa ya yi shiru, yana ganin ai akwai waɗanda suka fi shi sani a wurin.

Irin wannan ne ya sa horon ƙwararru ke tilasta ƙa'idoji: a tsara hanya tun daga gida, a cire gangaren da ba za a taka ba komai kyawun rana, a tsallaka wuri mai haɗari ɗaya bayan ɗaya, a kuma tambayi kowa ra'ayinsa da baki. Mutum ɗaya ya ce a'a, shi ke nan, an juya. A ganina wannan ƙa'ida ta ƙarshe ta fi duk na'urorin daraja, domin ita ce ke ba ƙarami damar tsayar da babba kafin a shiga gangaren.