Likita Ya Ce A Yi, Kamfanin Inshora Ya Ce A'a: Wa Zai Raba Gardama?

Hausawa na cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. To amma a wannan zamani neman lafiya ya yi tsada, shi ya sa jama'a a ƙasashe da dama suka rungumi inshorar lafiya, wadda tsarinta ya yi kama da adashi, ko susu kamar yadda ake kiransa a nan Gana. Kowa yana zubi tun yana da ƙoshin lafiya, ranar da ciwo ya kwantar da ɗaya sai a ɗebo daga asusu a biya masa kuɗin asibiti. Sai dai a adashi kowa ya san ranar kwasarsa, a inshora kuwa mai riƙe da asusu ne ke duba takarda ya ce wannan za a biya, wancan ba za a biya ba. To, idan likita ya ce lallai maras lafiya yana buƙatar aikin tiyata, kamfani kuma ya ce bai ga dalili ba, maganar wa za a bi?

Babu ƙasar da ta sha fama da wannan tambaya kamar Amurka, inda akasarin ma'aikata ke samun inshora ta hannun kamfanoni masu neman riba. Da yake da wuya a sami zangon da ba shi da ɗa ko jika a can, musamman a unguwar Bronx ta birnin Niyu Yok, mun ga ya dace mu bayyana wa masu karatu yadda suka warware matsalar, da abin da ya faru kafin su kai ga haka.

A 1991 likitoci suka gano ciwon daji a maman wata mata mai suna Nelene Fox, 'yar jihar Kalifoniya, uwar 'ya'ya uku. Da ciwon ya bazu, sai aka ba da shawarar a yi mata wani sabon magani da ake yayi a lokacin, wato a ɗura mata maganin daji mai tsananin ƙarfi, sannan a mayar mata da ɓargon jikinta da aka ɗiba aka ajiye tun farko. Kamfanin inshorarta, Health Net, ya ƙi biya, ya ce maganin na gwaji ne. 'Yan'uwa da abokan arziki suka tara gudunmawar sama da dala dubu 200 aka yi mata aikin, amma ta rasu a 1993. A ƙarshen wannan shekara kotu ta ci kamfanin tarar dala miliyan 89, ko da yake daga baya an sasanta a kan kuɗin da bai kai haka ba.

Wannan hukunci ya razana kamfanoni, suka shiga biyan kuɗin maganin ba gardama, har aka yi wa mata fiye da dubu 30. Abin baƙin ciki, da sakamakon manyan bincike ya fito a 1999, sai aka ga maganin bai ƙara wa mata tsawon rai fiye da wanda aka saba yi ba, ga azaba, har ma shi kansa ya yi ajalin wasu. Binciken da ya fi nuna amfaninsa, wanda wani likita ya yi a Afirka ta Kudu, an gano a 2000 cewa na jabu ne.

Darasin da ke cikin wannan labari biyu ne. Ba a ba kura ajiyar nama, saboda haka kamfanin da ribarsa ke ƙaruwa duk lokacin da ya ƙi biya bai kamata ya zama shi ne alƙalin ƙarshe ba. Haka nan kuma tausayi kaɗai ba ya warkar da ciwo, kuma kotu ba ɗakin duba maras lafiya ba ce, balle ma shari'a kan ɗauki shekaru alhali ciwo ba ya jira. Abin da ake buƙata shi ne likita na uku, masanin wannan ciwon, wanda ba ya cin riba idan an biya, ba ya cin riba idan an hana, ya duba hujja ya yanke magana cikin 'yan kwanaki. Ai ko a jarrabawar WAEC ba malamin da ya koyar da yaro ake ba takardarsa ya duba ba.

Jihohi suka fara kafa dokoki ɗaya bayan ɗaya. Ta jihar Niyu Yok ta fara aiki a watan Yuli na 1999, ta Kalifoniya kuwa a watan Janairu na 2001. Kamfanoni ba su miƙa wuya cikin sauƙi ba. A jihar Illinois wata mata mai suna Debra Moran, wadda ke fama da ciwon kafaɗa, ta nemi a kai maganarta gaban likita mai zaman kansa kamar yadda dokar jihar ta tanada, kamfanin Rush Prudential ya ƙi, har magana ta kai Kotun Ƙoli. A watan Yuni na 2002 alƙalai 5 daga cikin 9 suka tabbatar da cewa jiha tana da ikon tilasta wa kamfani amincewa da irin wannan duba. Daga bisani dokar lafiya da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a ranar 23 ga Maris, 2010 ta shimfiɗa wannan haƙƙi a kan yawancin inshorar kamfanoni a faɗin ƙasar.

Ga yadda abin yake tafiya. Idan kamfani ya ƙi biya, wajibi ne ya rubuto dalilinsa. Matakin farko shi ne maras lafiya ya ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin kansa, kuma yana da kwana 180 na yin haka. Idan kamfani ya tsaya a kan bakansa, sai ya nemi a miƙa takardunsa ga wata ƙungiyar likitoci ta waje, cikin wata 4 daga ranar da amsar ƙarshe ta iso masa. Ƙungiyar za ta zaɓi likita ƙwararre a fannin ciwon, wanda ba shi da wata alaƙa ta kuɗi ko ta dangi da kamfanin, ko maras lafiyar, ko likitan da ke duba shi. Zai karanta fayil ɗin asibiti, da wasiƙar likita, da abin da bincike ya tabbatar game da maganin, ya ba da hukunci cikin kwana 45. Idan jinkiri zai jefa rai cikin haɗari, ana yanke magana cikin awa 72. Hukuncin dole ne a kan kamfani: idan an ce ya biya, sai ya biya, domin wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski. A wasu jihohi ana karɓar kuɗin takarda da bai wuce dala 25 ba, a Kalifoniya kuwa kyauta ne, kuma hukumar jihar tana wallafa hukunce-hukuncen ba tare da sunayen marasa lafiya ba, don kowa ya ga yadda ake yankewa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙofa tana buɗe wa kowace ƙorafi. Aikin likitan shi ne ya duba ko magani ya zama dole, ko kuwa na gwaji ne. Idan yarjejeniya ta faɗa ƙarara cewa ba ta ɗauki nauyin wani abu ba, ba shi da ikon sauya ta. Bugu da ƙari, akwai masu sukar cewa kamfanoni ne ke biyan ladan dubawar, kuma likitan takarda kawai yake gani, ba ya taɓa jikin maras lafiya. Saboda haka wasiƙar likitan da ke jinya ita ce babban makami, kuma doka ta yarda ya tsaya a madadin maras lafiyarsa.

Babban cikas kuwa shi ne rashin sani, wanda aka ce ya fi dare duhu. Wata cibiyar bincike mai suna KFF ta duba alƙaluman 2021 na inshorar da ake saye ta kasuwar gwamnatin tarayya, ta ga kamfanoni sun ƙi biyan kusan kashi 17 cikin ɗari na takardun neman biya, amma waɗanda aka ɗaukaka ƙara a kansu ba su kai biyu cikin dubu ba. Idan 'yan ƙasa masu jin Turanci suna haƙura haka, ina ga baƙon da ke tuƙin tasi dare da rana, wanda ya saba ɗaukar takardar ofis tamkar hukuncin da ba a ja da shi?

A nan gida tsarinmu daban ne. Bayan shekarun biya-kafin-magani da manyanmu ba su manta ba, an kafa inshorar lafiya ta ƙasa da doka mai lamba 650 a 2003, aka sabunta ta da doka mai lamba 852 a 2012. A ƙarƙashinta asibiti ne ke aika takardar neman biya, hukumar NHIA ta tantance, kuma tun 2010 take tura ma'aikatan lafiya asibitoci su binciki fayiloli, ta zabtare kuɗin da ta ga an nema ba bisa ƙa'ida ba. Wannan bincike yana kare asusun jama'a, amma gardamar tsakanin hukuma da asibiti take, maras lafiya ba ya wurin. Shi dai sai ya ji an ce kati bai ɗauki wannan magani ba, je ka saya a waje.

Saboda haka shawararmu ga jama'a ita ce, duk wanda aka ce masa ba za a biya ba, a nan ko a can, ya nemi a gaya masa dalili a rubuce, ya riƙe rasit da takardar likita, ya lura da kwanan wata. Mai katin gwamnati ya kai kukansa ofishin inshora na gundumarsa. Mai shirin sayen inshorar kamfani kuma, kafin ya sa hannu ya tambaya: in mun saɓa, wa zai raba mu, kuma cikin kwana nawa? Waɗanda ke da 'ya'ya a Amurka su isar masu da wannan saƙo idan sun bugo waya, su ce masu wasiƙar farko ta kamfani ba ita ce ƙarshen magana ba, kuma wata huɗu ba ya da wuyar wucewa.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.