Tabar Wiwi a Cikin Alewa da Biskit: Yadda Take Aiki a Jiki

Da an ambaci tabar wiwi, hayaƙi ne yake fara zuwa wa mutane a rai, da warin nan da ba ya ɓuya. To amma an daɗe ana cinta kamar yadda ake zuƙarta. A Indiya ana dama ganyenta da madara a sha lokacin bikin Holi, a Maroko ana kwaɓa ta da zuma da 'ya'yan itace. Sabon abin shi ne yadda ta zama hajar kanti a Kanada da wasu jihohin Amurka, ana sayar da ita cikin alewa, cakulan, biskit da lemon kwalba. Da yawa suna ɗauka tunda babu hayaƙi, wannan ta fi sauƙi. Gaskiya ne huhu ya huta, amma sauran jiki bai huta ba.

Sinadarin da ke sa maye a wiwi shi ne THC, wanda Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka tantance a Isra'ila a 1964. Ɗanyen ganye ba ya bugarwa sosai sai ya ji wuta, kuma sinadarin a mai yake narkewa, ba a ruwa ba, shi ya sa abinci mai maiƙo ya fi ɗaukarsa. Idan zuƙa aka yi, daga huhu yake faɗawa jini ya isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan mintuna, bayan awa biyu zuwa uku abin ya lafa.

Wanda ya ci kuwa, hanyar doguwa ce. Sai abin ya sauka ciki, ya gangara hanji, jini ya kwashe shi zuwa hanta. A nan hanta take juya wani kaso nasa zuwa wani sinadari mai suna 11-hydroxy-THC, wanda yake ratsawa cikin ƙwaƙwalwa da sauƙi, yake kuma bugarwa da ƙarfi. Wannan tafiya takan ɗauki rabin awa zuwa awa biyu kafin mutum ya ji komai, mayen ya kai ƙololuwa wajen awa huɗu, ya kuma iya kaiwa awa goma sha biyu bai sake shi ba. Ko cikin mutum a cike yake ko wayam, da yanayin hantarsa, duk suna sauya lissafin. Mutum biyu sai su raba biskit ɗaya, wannan yana ta dariya, wancan yana kwance a ƙasa.

A wannan jinkirin haɗarin yake. Mutum ya ci, ya jira, shiru. Sai ya ce ai ba ta da ƙarfi, ya ƙara. Ya manta sannu ba ta hana zuwa. Kafin ya ankara, na farko da na biyu sun iso tare, kuma abin da ya riga ya shiga jini ba ya fitowa da amai. A watan Maris na 2014, cikin wata na uku da fara sayar da wiwi a fili a jihar Kolorado, wani ɗalibi a birnin Denba ya ci ɓallin biskit, bai ji komai ba, ya cinye sauran. Biskit ɗin na ɗauke da miligiram 65 na THC, alhali miligiram 10 jihar take ƙirgawa a matsayin ci ɗaya. Hankalinsa ya gushe, ya diro daga bene ya mutu.

THC yana manne wa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tunawa, da daidaiton tafiya, da tsoro. Daga nan ake samun mantuwa, tangaɗi, jan ido, bushewar baki da bugun zuciya da sauri. Idan ya yi yawa sai firgici, da zargin ana bin mutum, da gane-gane. Ga mai ciwon zuciya ko wanda taɓin hankali ke cikin danginsu, abin ba wasa ba ne. Wani bincike da aka buga a 2019 kan wani babban asibiti a Kolorado ya nuna cewa wajen kashi 10 cikin ɗari na waɗanda wiwi ta kai sashen gaggawa ci suka yi, alhali wiwin ci ba ta kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na THC da aka sayar a jihar ba.

Yara ne suka fi ban tausayi, don yaro bai san alewa mai magani ba, alewa kawai ya gani. A Amurka, rahotannin yara 'yan ƙasa da shekara shida da suka ci irin wannan sun tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021. Yaro yakan faɗa barci mai nauyi, jiki ya saki, wani har numfashinsa ya yi ƙasa.

Kada a ce wannan matsalar Turawa ce. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta masu amfani da wiwi a Nijeriya sun kai miliyan 10.6, kuma hukumar NDLEA ta sha kama masu cusa ta a kek, biskit da zoɓo. Can Kanada da Amurka ko ba komai akwai awo a jikin leda. A nan haramtacciya ce, babu awo, babu wanda ya san me aka haɗa ta da shi.

Babu wata allura da ke karya mayen THC. Likita yana tallafa wa jiki ne har ya wuce. Idan wani ya ci, kada a bar shi shi kaɗai, kada a bar shi ya hau babur ko ya ja mota, kada a ɗura masa madara ko manja. In yana amai ko barci ya rinjaye shi, a kwantar da shi ta gefe. In yaro ne, ko babba mai ciwon ƙirji ko wanda ya fita hayyacinsa, a garzaya asibiti da ragowar abin da ya ci, a kuma faɗa wa likita gaskiya, kada kunya ta sa a ɓoye.