Tambarin Zomo a Jikin Kwalbar Man Shafawa: Abin da Mai Saye a Ƙasar Gumel Ya Kamata Ya Sani

Kowace Alhamis kasuwar Maigatari tana cika da raƙuma da shanu da tumaki da awaki, waɗanda fatake ke korowa daga Jamhuriyar Nijar da ƙauyukan masarautar Gumel. Nesa kaɗan da kara kuma akwai 'yan koli da masu tebur, sun baje man shafawa da sabulai da hoda da jan baki da turare da omo, mafi yawansu an saro su daga kasuwannin Kano, wasu kuma sun tsallako iyaka. A jikin wasu kwalaben za ka ga ɗan hoton zomo, da rubutun Turanci ko Faransanci da ke cewa ba a gwada kayan a kan dabba ba. Mai saye daga Gagarawa ko Sule Tankarkar ba kasafai yake kula da wannan hoto ba, ƙamshi da farashi yake dubawa. Hoton nan yana ɗauke da magana mai nauyi wadda ta dace da addininmu da al'adarmu. Sai dai a kasuwanni irin namu, wanda ya dogara da shi kaɗai zai iya tsirar da zomo ya jefa iyalinsa cikin haɗari.

Asalin gwada kayan kwalliya a kan dabbobi ba mugunta ba ce, tsoro ne ya haife shi. A shekarar 1933 wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure ya makantar da mata da dama a Amurka, saboda sinadarin rini mai ƙarfi da ake kira PPD da ke cikinsa. Wannan na cikin abubuwan da suka sa ƙasar ta kafa dokar abinci da magani da kayan kwalliya a 1938. A 1944 wani masanin guba na hukumar abinci da magunguna ta Amurka, John Draize, ya fito da gwajin da har yau ake kira da sunansa. Ana ɗaure zomo yadda ba zai iya motsa kai ba, a ɗiga masa sinadarin a ido, ko a aske gashin bayansa a shafa, sannan a yi ta duba ja da kumburi da gyambo, wani lokaci har tsawon mako uku, daga baya a kashe shi. An zaɓi zomo ne domin ba ya tsada, ba ya faɗa, kuma idonsa ba ya yawan zubar da hawayen da zai wanke abin da aka zuba masa. Akwai kuma wani tsohon gwaji na 1927, inda ake ɗura wa ɓeraye sinadari ana ƙara yawansa har sai an gano adadin da ke kashe rabinsu.

Masana kimiyya da kansu ne suka fara neman mafita. A 1959 wasu Turawan Ingila biyu, William Russell da Rex Burch, suka shimfiɗa ƙa'idoji uku: a musanya dabba da wata hanya in da hali, a rage yawan dabbobin da ake amfani da su, a kuma sassauta wahalar waɗanda ba makawa sai an yi da su. Ingila ta daina ba da izinin gwada kayan kwalliya a kan dabbobi a 1998. Tarayyar Turai ta hana gwada kayan da aka gama haɗawa a 2004, ta hana gwada sinadaran da ake haɗa su da su a 2009, kuma daga watan Maris na 2013 ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka yi wa sabon gwaji irin wannan ko a wace ƙasa aka yi shi. Indiya ta bi sahu a 2014. China, wadda ta daɗe tana tilasta gwajin a kan kayan da ake shigar mata da su, ta sassauta a 2021 ga kaya na yau da kullum kamar sabulun wanke gashi da jan baki. Abin da ya ba da damar haka shi ne samuwar wasu hanyoyi. Yanzu ana rainon fatar ɗan Adam a ɗakin bincike daga ƙwayoyin halittar da suka rage bayan tiyata, a gwada sinadari a kanta. Ana kuma karɓo idanun shanun da aka riga aka yanka a mahauta, a auna yadda sinadari ke dusashe su, hanyar da ƙungiyar ƙasashe ta OECD ta amince da ita tun 2009. Wato idon saniya da mahauci ke sayarwa haɗe da kai ya isa ya ɗauke wa zomo mai rai wannan azaba.

Wani zai ce wannan damuwar masu ƙoshi ce, mutumin da ke neman abin da zai sa a bakin salati ina ruwansa da zomon Turai? Amsar ita ce tausayin dabba ba daga Turai ya zo mana ba. A hadisan da Bukhari da Muslim suka ruwaito an ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu da yunwa, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Makiyayin da ke kwana a daji saboda saniya mai naƙuda ba ya bukatar a koya masa darajar rai. Wani kuma zai ce ai kullum yanka dabbobi muke yi, me ya bambanta? Bambancin yana wajen larura da kuma yadda ake yi. An halatta yanka domin ci, tare da umurnin a wasa wuƙa a hutar da abin yankan, kuma malamai da dama sun yi sassauci kan gwajin magani idan ceton rai ya rataya a kansa. Amma sabon launin jan baki ko sabon ƙamshin sabulun wanke kwano ba larura ba ce da za ta sa a bar dabba kwana da kwanaki da gyambo a ido.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa gara a gwada a jikin zomo da a gwada a jikin mutum. A ƙasashen da hukuma ke da ƙarfi wannan hujja ta yi rauni, domin akwai dubban sinadarai da aka daɗe da sanin lafiyarsu, idon zomo kuma bai zama daidai da na mutum ba, sannan Turai ta haura shekara goma da wannan doka ba tare da kantunanta sun rasa man shafawa ba. A wurinmu kuwa maganar tana da ƙamshin gaskiya. Matsalar da ta fi addabar kasuwanninmu ita ce kayan da ba a taɓa gwada su a kan komai ba. Haɗin man bilicin da ake aunawa da cokali a zuba a robar da ba suna ba adireshi, sau da yawa yana ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda da jijiyoyi, ko haidirokwinon da ya wuce kima, ko maganin sitiroyid mai sirantar da fata har ta kasa warkewa bayan rauni ko tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙididdigar cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da kayan sauya launin fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Mai haɗa irin wannan mai zai iya rantsuwa cewa bai taɓa zomo ba, kuma bai yi ƙarya ba, domin amaryar da ta saya ita ce zomon gwajinsa.

Saboda haka neman kayan da ba a cuci dabba wajen yin su ba yana da tsari, kuma matakin farko shi ne lafiyar mai amfani. A duba lambar rajistar NAFDAC, da sunan kamfani da adireshinsa, da jerin abubuwan da aka haɗa, da ranar lalacewa. Lambar nan ba ta cewa komai game da dabbobi, amma tana nuna akwai wanda za a kama idan an cutu. Bayan haka sai a koma kan zomon. Ko a Amurka babu wata doka da ta fayyace ma'anar rubutun da ke cewa ba a gwada a kan dabba ba, don haka kamfani zai iya rubuta shi alhali wanda ya sayar masa da sinadaran ya gwada, ko ya biya wani ɗakin bincike ya yi masa. Tambarin da ya fi inganci shi ne Leaping Bunny, mai hoton zomo yana tsalle, domin ana bin diddigin kamfani har zuwa masu kawo masa sinadarai, ana kuma aika masu bincike na waje. Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta PETA ma tana da nata jerin, sai dai ya fi dogara da shaidar da kamfani ya bayar da kansa. Duka biyun suna wallafa sunayen kamfanoni a intanet, mai wayar hannu zai iya dubawa kafin ya biya, kuma hakan ya zama dole tunda mai buga jabun kwali ba zai gagara buga hoton zomo ba. A sani kuma cewa dokar Turai ta tsaya ne kan kayan kwalliya, ba ta haɗa da omo da ruwan wanke banɗaki da maganin sauro ba, don haka a waɗannan ba a yanke hukunci da sunan ƙasar da aka yi su.

Akwai hanyar da ta fi kusa kuma ta fi araha, wato abin da ƙasarmu ke fitarwa. Gonakin Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar sun shahara da riɗi, kuma man riɗi abin shafawa ne da kamfanonin waje ke sa wa a kayansu. Ga lalle, ga man aduwa, ga darbejiya, ga ganyen magarya da ake wanka da shi, ga ƙaro da masana'antu ke nema, ga man kaɗanya da sabulun salo da ake kawowa daga kudu da mu. Babu zomon da ya wahala saboda su, kuma kaka da kakanni sun yi amfani da su. Duk da haka, kasancewar abu na gargajiya ba ya wanke shi. Kwallin dutse yakan ƙunshi dalma mai yawa: a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka samu gubar dalma a jininsa, aka gano kwallin da aka kai daga Najeriya ne sila, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na kwallin dalma ce. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ya san abin ba wasa ba ne. Baƙin lallen da ake haɗawa da dayis kuwa yakan ƙunshi PPD, sinadarin nan da ya makantar da mata a 1933. Sabulun ruwan da mata ke koyon haɗawa a cibiyoyin koyon sana'a shi ma yana ƙona hannu idan soda ta yi yawa, don haka awo da sanya suna a jikin roba wajibi ne.

A nan ne tausayin dabba da neman halali suka haɗu. Kasuwar duniya tana neman mai da sabulun da aka yi da tsirrai ba tare da gwaji a kan dabba ba, mu kuma muna loda riɗi ɗanye a manyan motoci, wasu su tace shi su dawo mana da shi a kwalba da tsada. Maigatari tana da yankin ciniki na musamman da aka kafa domin fitar da kaya waje. Ya kamata gwamnatin Jigawa da ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel su taimaka wa ƙungiyoyin mata da matasa da injin tatsar mai, da horo kan awo da tsabta, da sauƙin samun rajista. Ita kuma NAFDAC ta fito da ƙa'ida bayyananniya kan wanda ya cancanci buga wannan iƙirari a jikin kayansa, ta kuma karɓi sakamakon sababbin hanyoyin gwaji. Malamai su riƙa tunatar da haƙƙin dabba a wa'azi, 'yan kasuwa su daina saro abin da ba a san mai shi ba. Kai kuma mai saye, kafin ka miƙa kuɗinka, ka juya kwalbar ka karanta: lambar hukuma tukuna, sannan abin da ke ciki, sannan tambarin zomo da ka tabbatar da shi. Abin da ya rasa na farko da na biyu, ka bar wa mai shi kayansa komai arharsa.