Yadda Ya Kamata A Koyar Da Tarihin Shagari

A makarantunmu, darasin tsohon shugaban ƙasa ba ya wuce hadda: an haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925, ya hau mulki ranar 1 ga Oktoba 1979, sojoji sun kifar da shi ranar 31 ga Disamba 1983, ya rasu a 2018. Yaro ya rubuta, ya ci jarrabawa, ya manta. Abin takaici, mutumin da ake yi wa wannan riƙon sakainar kashi shi kansa malamin makaranta ne, ya riƙe alli a Sakkwato da Argungu tun kafin siyasa ta ɗauke shi.

Malamin da ke son ajinsa ya farka, ya fara da zaɓen 1979. Doka ta ce sai ɗan takara ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Jihohi a lokacin 19 ne. To, nawa ne kashi biyu cikin uku na 19? Shagari na NPN ya cika sharaɗin a jihohi 12, amma a Kano, inda PRP ta Malam Aminu Kano ke da ƙarfi, bai kai ba. Abokin takararsa Awolowo ya ce sai an cika 13, lauya Richard Akinjide ya ce 12 da biyu bisa uku ne, Kotun Ƙoli kuma ta ba Shagari gaskiya. A raba aji gida biyu, kowane ɓangare ya kare hujjarsa a allo. A darasi guda an haɗa lissafi da tsarin mulki da iya muhawara cikin ladabi.

Daga nan sai a fita waje. Garuruwa da dama suna da rukunin gidajen da har yau ake kira da sunan Shagari. Ɗalibai su tambayi dattawan unguwa yadda aka raba su, da yadda farashin shinkafa ya koma bayan kuɗin man fetur ya faɗi aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982.

Inda malamai ke kauda kai shi ne wajen abubuwa masu ɗaci, wai don kawaici ga mamaci. A ganina wannan kawaicin cutar yara yake yi. A zamaninsa aka harbe manoman Bakolori a 1980, a shekarar aka kori ɗan siyasa Shugaba Darman zuwa Chadi, sannan a farkon 1983 aka sallami baƙin haure, galibinsu 'yan Ghana. Mutane da yawa suna shaidar Shagari, Turakin Sakkwato, da tawali'u da rashin haɗama, suna kuma zargin wasu ministocinsa da wawure dukiya. Ɗalibin babbar sakandare zai iya riƙe waɗannan biyun tare, ya kuma rubuta shafi guda kan ko shugaba yana ɗaukar alhakin abin da na ƙasa da shi suka aikata.