Poveglia: Labarin Takardu da Labarin Baki

A cikin tafkin ruwan gishirin da ya kewaye birnin Venis na Italiya akwai wani ƙaramin tsibiri, Poveglia, wanda ya zama kufai tun 1968. Labarinsa iri biyu ne, na bakin mutane da na takardun hukuma.

Na baki ya fi tafiya nesa. Ana cewa mutum 160,000 aka binne ko aka ƙone a nan lokacin annoba, har rabin ƙasar tsibirin tokar gawa ce. Ana kuma faɗin wani likita mai azabtar da masu taɓin hankali, wanda fatalwa suka addabe shi har ya faɗo daga hasumiyar majami'a. Shirye-shiryen talabijin na Amurka sun ƙara wa zancen gishiri.

Takardu kuwa da masu rai suka fara. A 864, bayan an kashe shugaban Venis Pietro Tradonico, aka zaunar da barorinsa a nan, gari ya kafu, ya bunƙasa. Yaƙin Venis da Genoa ne ya tashe shi a 1379, aka kwashe jama'a zuwa tsibirin Giudecca.

Kan annoba ne labaran biyu suka kusa haɗuwa. Gaskiya ne an killace mutane a Poveglia, musamman daga 1793 da aka samu cutar a jiragen ruwa biyu. Amma manyan annobar 1576 da 1630 sun riga wannan, kuma a wancan zamani tsibirin Lazzaretto Vecchio ake kai marasa lafiya. Can ne masu haƙa suka tono ƙasusuwan mutum sama da 1,500. Mutuwar ta auku, amma baki ya ɗauko ta daga wani tsibiri ya ɗora wa wannan. Asibitin da aka buɗe a Poveglia a 1922 kuma yawanci tsofaffi yake kula da su.

Ba a raina almara, domin ita ta kai sunan Poveglia duniya. Duk da haka na fi karkata ga takardu, saboda almara ta shafe mutanen da suka yi shekara ɗari biyar suna zaune a wurin, ta bar gawa kaɗai, kuma wannan yana damuna. Mutanen Venis ba gudun tsibirin suke ba: da gwamnati ta sa hayarsa a gwanjo a 2014, karo-karo suka yi a ƙungiyar Poveglia per Tutti don ya zauna a hannun jama'a.