Kafin Ki Yanko Yadin Labule, Auna Tagarki da Kanki

Uwargida, sau nawa kika aika a sayo miki labule da awon baki? "Tagar ba ta da girma, yadi uku zai isa." Tela ya ɗinka, a kawo, sai ki ga ya tsaya cak kamar an shanya zane, gefe a buɗe, mai wucewa yana hango gadonki. Ni ma na taɓa yin wannan asarar lokacin jeren ƙanwata a Rabah, har yau tana yi mini tsiya.

Ki ari tef ɗin tela, ki rubuta awon a takarda. Mu ce faɗin tagar inci 48 ne, tsawonta ma 48. Sandar labule za ta wuce tagar da inci 6 a kowane gefe, ta zama 60, don idan kin zuge labulen da rana ya bar bakin tagar gaba ɗaya. Yadin kuma sai ya ninka sandar sau biyu kafin ya yi tattara mai kyau, wato inci 120. A tsawo, ƙara 5 a sama, 5 a ƙasa, da 8 na kalmasa: 66 ke nan. Atamfa faɗinta wajen inci 46 ne, saboda haka falle uku za ki buƙata. Falle uku masu tsawon 66 sun zama inci 198, yadi biyar da rabi. Turmi ɗaya ya isa har da ɗan ragowa. Idan yadin labule ne na kanti, tambayi mai shago faɗinsa tukuna, domin ba ɗaya suke ba. Kuma in auduga ce, a wanke kafin a yanka, tana shiga ruwa ta tsuke.

Na ƙofa kada ya taɓa ƙasa. Ki bar kamar faɗin yatsu uku. Na san a hotunan Facebook ana barinsa yana jan ƙasa, amma waɗancan ɗakunan ba sa ganin hazon hunturu irin namu, kuma babu mai rarrafe a cikinsu.

Wajen zaɓe ne aikina na jinya ke sa ni tsoma baki. A yankinmu zafin watan Afirilu yana haura digiri 40. Labule mai kauri, mai shafi biyu, yana tare rana, gaskiya ne, amma in an bar shi a sake dare da rana yana tare iska ma. Ɗaki ɗaya, uwa da yara biyar, taga a toshe: haka tari da mura ke zagaye gida. Cunkoso da rashin iska a lokacin rani suna cikin abubuwan da ke taimaka wa sanƙarau yaɗuwa, kuma ba mu manta da annobar 2017 da ta taɓa jihohin Sakkwato da Zamfara ba. Kakanninmu da suke rataya asabari a ƙofa sun san abin da suke yi. Yana suturta ɗaki, iska kuma tana ratsawa. Idan kin shiga kasuwar Achida ko babbar kasuwar Sakkwato, ɗaga yadin ki hura shi da baki. In ba ki ji iskar a tafin hannunki ba, ki ajiye shi don tagar da rana ke duka da yamma kawai.

Ki zaɓi wanda za ki iya wankewa da hannu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu labule yana shan ƙura, duk wanda ya ɗaga shi sai ta tashi. In kina da yaro mai fuka, ki riƙa wanke shi bayan mako biyu, kuma kada a kakkaɓe shi yaron yana ɗakin.

Mutanen Goronyo da ke kusa da madatsar ruwa ta kogin Rima, da na Wurno da ke gefen fadamar shinkafa, sun fi kowa sanin sauro. Sauro yana son laɓewa cikin tattarar yadi mai duhu da rana, ya fito da dare. Mai haske ya fi. Wata uwa ta taɓa ce mini ta daina ɗaura gidan sauro tunda ta sa labule mai kauri. Ɗanta yana kwance a gabanmu ana ƙara masa ruwa a lokacin. Labule ba ya hana sauro shiga, gidan sauro mai magani ne ke tsare yaro.

Rataya kuwa, ki duba irin bangonki. Ginin laka ba ya riƙe ƙusa. Yau ta kama, gobe yaro ya ja labulen sanda ta faɗo masa a ka. Sa kafinta ya kafa ɗan katako da dogayen ƙusoshi, a ɗaura maƙalan sandar a jikinsa. In bulo ne da siminti, a huda da inji a cusa roba kafin a ɗaura sukuru. Bayan an gama, ki ja shi da ƙarfi da hannunki. Igiyar ɗaure labule kuma ta zama gajera, a sama, inda wuyan yaro ba zai kai ba.

Sai wuta. Yawancin labulen kasuwa masu sheƙi na roba ne, in sun kama narkewa suke yi su manne a fata. Kyandir, fitilar kananzir, kaskon turaren wuta da igiyar leko duk a nesanta su da labule aƙalla taku biyu, domin iska kaɗan ce za ta kaɗa shi ya kai gare su. In tsautsayi ya afku, a zuba ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi a kan ƙunar har minti 20, ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai ko manja. Kada a ɓamɓare abin da ya manne. A lulluɓe da tsumma mai tsabta a tafi asibiti.