Kafin ki sayi fenti, ki bi sawun ruwa

Idan aka fasa asusu ko kwasar adashi ta zo, da yawa cikinmu gida muke tunani: a sayi tsohon gida a gyara a zuba ƴan haya, ko a ƙara ɗaki biyu a gidan gado. Dabara ce mai kyau, don gida ba ya mutuwa kamar tunkiya. Sai dai kuɗin kan ƙare a fenti da karo da ƙofar ƙarfe, abin da ido ke gani. Abin da ke cin gida kuwa yana cikin bango da ƙarƙashin ƙasa, wato ruwa, ta inda yake shiga da ta inda yake fita.

Ranar da za ki je ganin gidan, fara da kontar ruwa. A rufe duk famfunan gidan, ki rubuta lambar da ke jiki, ku yi hirarku ta rabin awa, ki koma ki duba. In lambar ta motsa, akwai tiyo da ke yoyo a ɓoye. Kada ki raina shi. Mita kib ɗaya lita 1000 ce, bido 40 ke nan na lita 25, kuma duk abin da ya wuce kontar, an sha ko ya tsiyaye cikin ƙasa, mai gida ke biya. Ki ce a nuna miki faktir na watannin baya, sannan ki je da lambar kontar ofishin NDE, kamfanin da ya karɓi aikin SEEN tun farkon 2024, a faɗa miki ko da bashi a kai. Wannan tambayar kafin a biya kuɗin gida ake yinta. Bayan an biya, mai sayarwa ya yi nisa.

Sai bango. Dubi gindinsa, musamman bayan makewayi da wurin wanke-wanke. Inda yaɓe ya kumbura, ko wani farin abu kamar kanwa ya fito, danshi ne. Sabon fenti a bango guda ɗaya tak, sauran duk tsoho, to ki tambayi dalili. Ginin laka ba ya haƙuri da ruwa ko kaɗan. Mun ga yadda damanar 2024 ta kwantar da gidaje a jihar Maradi, har tsohon masallacin Birni a Damagaram bai tsira ba. Abin da ruwan sama ke yi a dare ɗaya, yoyon tiyo ma yana yinsa, a hankali ne kawai.

Mafitar ruwa ita ce aka fi mantawa da ita, kuma ita ce ke haɗa mutum faɗa da maƙwabta. Ina ruwan wanka ke zuwa? In titi ake sakinsa, ki sa kuɗin haƙa gologo cikin lissafinki tun yanzu. Salga fa, yaushe aka yashe ta? Gidan da mutum biyar ke ciki, in kika zuba iyali huɗu, ramin ba zai kai yadda ya saba kaiwa ba. A ƙasa mai yashi irin ta Maradi sai an gina cikin ramin da bulo, in ba haka ba ya rufta da damana. A unguwannin Damagaram da ke kan dutse, haƙar kanta ce ke cin kuɗi. In da rijiya a gidan, a nisanta salga da ita, kamar mita 30 in fili ya ba da dama.

Wajen gyara, tsohon tiyon ƙarfe da ya yi tsatsa a ciki ba a yi masa faci. Ki toshe nan, gobe ya ɓulle can. A fidda shi duka. Ki je shagon kaya tare da mai gyaran famfo, ki biya da hannunki, ki karɓi takarda. Siririn tiyon roba na zubar da ruwan datti ya fi araha, amma ba a yi shi don ƙarfin ruwan famfo ba, kuma wanda aka bari a rana yakan bushe ya tsage. Kada maso ya rufe bango, kada a shimfiɗa karo, sai an saki ruwa ya kwana a tiyo an ga babu inda ya jiƙe. Kuɗin aiki ma kashi-kashi, na ƙarshe sai bayan wannan gwajin. Mai aikin kirki ba zai ji haushi ba.

A unguwar da ruwa ke ɗaukewa, a sa makulli babba kusa da kontar. Yara kan bar famfo a buɗe da rana, ruwa ya dawo tsakar dare kowa na barci.

Game da ƴan haya, kontar guda ga iyali da yawa rigima ce. Kuɗin ruwa hawa-hawa ne: mita kib na farko-farko ke da sauƙi, da an zarce sai farashi ya tashi, kowa ya ce ba shi ya sha ba. In da hali, kowane sashe da nasa. In babu, a zauna gaban shaidu a rubuta yadda za a raba, da wanda zai sayi kan famfo in ya lalace.

Wadda za ta ci bashin asusu don wannan aiki kuma, ta tuna zubi ba ya jira, haya kuwa ba ta fara shigowa sai gida ya zaunu. Ta sa mai gyaran famfo ya zagaya gidan ya faɗi kuɗin aikinsa tukuna, sannan ta zo taron mako ta faɗi nawa take nema.